Lamba 34: Motocin Wendell Scott

Ƴan uwana ɗalibai, a wannan fitowar na bar tarihin gida na tsallaka teku, kuma na san akwai wanda zai ce me ya haɗa ɗan Droum da tseren motar Amurka, mu da ko kwalta ba ta ishe mu ba. Ku dai bi ni a hankali. Mutumin da zan ba ku labarinsa bakanike ne, ya yi tuƙin tasi, ya yi fasa-ƙwauri, duk kafin jarida ta san sunansa. Da a Damagaram aka haife shi, da mun san garejin da za mu same shi, kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu a waje. Sunansa Wendell Scott. Baƙar fata ne, ya yi shekara 21 yana tsere a kudancin Amurka, kuma fiye da rabin shekarun nan ba shi da damar zama gidan abinci ɗaya da turawan da yake tsere da su.

Ta motocinsa zan bi tarihin, don su ne suka fi faɗin gaskiya. Kusan kowace mota da ya shiga, wani ne ya gama da ita ya sayar masa. In ka san daga hannun wa ta fito, da nawa aka saye ta, da abin da ya kashe ta, to ka san inda aka ajiye mutumin a wannan shekarar.

An haife shi ranar 29 ga Agusta 1921 a Danville, wani gari a jihar Bajiniya wanda masaƙar auduga da kamfanonin taba suka riƙe. Mahaifinsa direba ne kuma bakanike a gidan wasu turawa masu hali, a gindinsa yaron ya fara riƙe sifana. Bai gama sakandare ba ya kama tuƙin tasi. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka ɗauke shi soja aka kai shi Turai, cikin rundunar da aka ware wa baƙaƙen fata, aikinsa gyaran motocin soja. Ya dawo gida ya buɗe gareji. Kuɗin gareji bai riƙe gida ba, sai ya haɗa da aikin dare.

Aikin daren shi ne ɗaukar barasar da ake dafawa a ɓoye cikin daji, wadda ba a biya mata haraji, a shigo da ita gari. Ba kayan nake yabo ba, Allah ya tsare mu. Amma motar da ake wannan aiki da ita, ita ce uwar duk tseren da zan faɗa. Tun 1932 kamfanin Ford ya fito da inji mai silinda 8 wanda talaka zai iya saye, mai sauƙin kwancewa, kayan gyaransa kuma a kowace bolar ƙarfe. Masu fasa-ƙwauri sai su cire kujerar baya, su ƙara wa sifirin ƙarfe don kada motar ta durƙusa da kaya ƴan sanda su gane, su rarake injin, su ƙara masa kafireto, bodi kuwa a bar shi kamar motar limamin ƙauye. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar Pijo 504 ta taso daga iyakar Najeriya ta hanyar Magarya ko Matamai, cike da jarkokin mai, tana tafe ba fitila, ai ba sai an yi masa bayani ba. Ilimin ƴan ruwa-ruwa ne, kaya ne kawai suka bambanta. A 1949 aka kama Scott, aka yi masa ɗaurin talala na shekara 3. Ƴan sandan Danville dai sun riƙe sunansa, don sun sha ƙurarsa.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi irin tseren, don ba irin na Paris-Dakar ba ne da iyayenmu suka ga ƙurarsa a Agadas. Wannan a fili ake yi, zagayayye kamar filin sukuwar dawaki, zagaye ɗaya mita 400 ko 800, ƙasa ce zalla ba kwalta, galibi a filin baje kolin gari. Motocin kuma irin waɗanda kowa ke saye ne ya kai iyali kasuwa, an dai gyara su. A tara mota 20 ko 30, su yi ta juyawa hagu sau 100 ko 200. A irin wannan fili mota ba ta shan kwana a miƙe, zamewa take yi a karkace, direba na riƙe ta da ƙafa da sitiyari. Kafin a kai rabi ƙasar ta farfashe, ramuka sun fito, taya na fashewa, ƙafar mota na karyewa. Saboda haka mai babban inji ba shi da tabbas. Hannun direba da juriyar mota suna da rabo mai yawa. Ku riƙe wannan, zai dawo. A 1948 wani mai suna Bill France ya haɗa wannan harka ƙarƙashin ƙungiya ɗaya a Daytona, ita ce NASCAR, amma akwai ƙananan ƙungiyoyi da ke gogayya da ita.

Ɗaya daga cikinsu, Dixie Circuit, ita ke shirya tsere a Danville a 1952, kuma ƴan kallo sun yi ƙaranci. Sai masu shiryawa suka ce a nemo baƙar fata a sa shi cikin turawa, ko mutane sa zo kallo. Suka tambayi ƴan sanda wa ya fi iya gudu a garin. Aka ce musu Scott. To kun ji ƙofar da ya shiga: talla ce aka yi da shi, ba adalci ba. Ranar 23 ga Mayu 1952 ya zo da tsohuwar Ford daga cikin motocin aikin darensa, ya shiga. Washegari ya ja ta zuwa Winston-Salem inda NASCAR ke tsere, aka ce ba a karɓar baƙi. Ya je High Point, amsa ɗaya. Bai cika sati biyu da farawa ba ya ci tserensa na farko a Lynchburg. Lasisin NASCAR kuwa ba daga manya ya fito ba. A wani ƙaramin fili a Richmond ya sami wani ƙaramin jami'i, Mike Poston, wanda ke da ikon sayar da lasisi, ya matsa masa har ya sayar masa.

Shekara 9 ya yi a ƙananan rukunoni, waɗanda ake kira Sportsman da Modified, kuma in kun tambaye ni, nan ne ya fi cin moriyar hannunsa. Dokar waɗannan rukunoni ta yarda da tsohon bodi. Motocinsa ƴan guntayen Ford ne masu ƙofa biyu, ƙirar kafin yaƙi, da lamba 11 a jiki. Daga bola ake ɗauko su, a cire gilas da kujeru, a yi wa ciki keji da bututun ƙarfe, a yi wa ƙofa walda, direba ya shiga ta taga. Kowa akwala yake ja, bature da baƙi, mai kuɗi da talaka. Abin da ya rage shi ne wa ya iya haɗa inji, wa kuma ya iya riƙe mota a kwana, kuma duk biyun Scott na da su. Ya ci tsere sama da 100 a waɗannan filaye. A 1959 ya zama zakaran jihar Bajiniya a rukunin Sportsman, ya kuma zama zakaran filin Southside da ke kusa da Richmond.

Ba wai lafiya lau ake yi ba. Ƴan kallo na zaginsa, ana yanka masa taya, wasu direbobi da gangan suke tura shi bango. Akwai kuma turawan da suka tsaya masa, har suna raka shi in fili ya yi zafi. A 1954 a Raleigh mai shirya tsere ya raba wa kowane direba dala 15 kuɗin mai, ya tsallake shi. (Dalar Amurka nake nufi a duk rubutun nan, ba tamu ta sefa biyar ba.) Da ya kai ƙara wurin Bill France, sai France ya zaro dala 30 daga aljihu ya ba shi, ya yi masa alkawarin ba za a ƙara nuna masa bambanci a ƙungiyar ba. Kuɗin dai ya karɓa. Alkawarin kuwa, za ku gani.

A 1961, yana da shekara 39, ya haura babban rukuni, Grand National. A nan dokar mota ta canza: sai ƙirar shekarun baya-bayan nan, ba a shiga da tsohuwa. Kuma a nan ne kamfanonin ƙera mota suke zuba kuɗi, wani a fili wani a ɓoye, kowa ya zaɓi direbobinsa yana ba su mota da inji da injiniyoyi, don wanda ya ci ranar Lahadi shi ke ciniki ranar Litinin. In kuna son ku gane abin da goyon bayan kamfani yake nufi, ku tuna motocin Citroën 8 masu sarƙa a baya da suka ratsa Damagaram a ƙarshen 1924, suka nufi tafkin Chadi. An yi ta yabon jarumtar waɗanda ke ciki, amma tun kafin su taso kamfanin ya riga ya jibge musu mai da kayan gyara a zango-zango, kuma da makanikansu suke tafe. Da irin waɗannan mutane Scott zai kara, shi da akwatin sifanarsa.

Sabuwa ta fi ƙarfinsa, sai ya sayi ta hannu: Chevrolet ƙirar 1960, daga wurin Buck Baker, wanda ya zama zakara a 1956 da 1957. Ku riƙe sunan Baker. Da ita ya shiga tserensa na farko a babban rukuni, ranar 4 ga Maris 1961 a Spartanburg. Daga baya ya koma lamba 34, wadda aka san shi da ita har ya bari. A Yulin 1962 a Savannah ya fi kowa gudu a gwajin da ake yi kafin tsere, aka ba shi sahun gaba, baƙar fata na farko da ya sami haka.

Mota ta gaba ita ce ta shiga littafi. A farkon 1963 kamfanin General Motors, mai Chevrolet, ya janye hannu daga tsere. Ned Jarrett, zakaran 1961, ya koma Ford, tsohuwar motarsa Chevrolet Bel Air ƙirar 1962 kuma ta faɗa hannun Scott. Wato mota ce da kamfaninta ya yi watsi da ita, mai ita ma ya wuce gaba.

Ku dubi shekarar. A Yunin 1963, a garinsa Danville, ƴan sanda suka far wa baƙaƙen fata masu zanga-zanga da kulake da ruwan kashe gobara. Ranar 22 ga Nuwamba aka harbe shugaba Kennedy. Mu nan shekararmu 3 da samun ƴanci, Diori Hamani na kan mulki. Kwana 9 bayan kisan Kennedy, ranar 1 ga Disamba, aka yi tsere a Jacksonville, jihar Fulorida. Fili ne na ƙasa, mita 800, zagaye 200. Ranar filin ya lalace ƙwarai, ramuka ko'ina, motocin manya na ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Irin filin da Scott ya yi shekara 9 yana karantawa ke nan, kuma shi ya ɗaure ƙafafun motarsa da hannunsa. Richard Petty ne ke gaba, sai motarsa ta samu matsala. Saura zagaye 25 Scott ya wuce shi.

Ya cika 200, mai tuta bai ɗaga ba. Ya ƙara ɗaya, shiru. Ya ƙara na biyu. Sai aka ɗaga tutar ƙarshe wa Buck Baker, mutumin da ya sayar masa da motarsa ta farko, wanda ke bayansa da zagaye biyu cur. Aka ba Baker kofi, aka yi hoto, jama'a suka watse. Scott ya tsaya kai da fata sai an sake lissafi. Bayan sa'o'i, fili ba kowa, aka ce ai kuskure aka yi, shi ya ci. Aka ba shi dala 1,000. Kofi kuwa ya tafi.

Gaskiya ne a zamanin da hannu ake ƙirga zagaye, kuma ana yin kuskure. Amma al'adar wurin ita ce wanda ya ci ya sumbaci sarauniyar kyau a gaban jama'a, sarauniyar kuma baturiya ce, a Fulorida, a 1963. Scott har ya mutu yana kan cewa wannan ne dalili. Ni ma da na auna, kuskuren da ya gyaru daidai lokacin da ƴan kallo suka tafi gida, kai, ya cika wayo.

Za ku ce to yanzu kam kamfani zai ɗauke shi. Ina! Wata biyar bayan nan ya kusa barin tsere don ba mota. A Mayun 1964 Ned Jarrett ya shiga tsakani, aka sayar masa da wata Ford daga garejin Holman-Moody, masu haɗa wa kamfanin Ford motocin tsere. Motar ta yi shekara guda tana tsere a wata ƙungiya. Kuɗinta dala 1. Ana ba da wannan labari a matsayin alheri, kuma Jarrett ya yi alheri, ba na ja. Sai dai ku lura da abin da aka bayar da abin da aka riƙe. An ba shi mota guda da aka gama da ita. Ba a ba shi abin da ke sa mota ta ci ba, wato sabon inji duk sati, da tayoyi, da albashin ma'aikata. Daga nan har kusan ƙarshe Ford yake ja, Galaxie, daga baya Torino, duk na hannu.

Da su ya yi abin da ni nake ganin ya fi nasarar Jacksonville wuya. A jerin maki na shekara ya zo na 12 a 1964, na 11 a 1965, na 6 a 1966, bai kuma fita daga goman farko ba har 1969. Ya aka yi? Na farko, zuwa. A 1964 tsere 62 aka yi, manyan direbobi da yawa sai mai tsoka suke zuwa, shi kuwa kusan ko'ina yana nan, don kuɗin da za a ba na goma ma abinci ne. Na biyu, rikicin kamfanoni ya ɗan buɗe hanya: Chrysler ya yi fushi ya ƙaurace a 1965 kan dokar inji, Ford ya yi nasa a 1966. Na uku, kuma shi ne mai ciwo, ya koyi tuƙi ƙasa da iyawarsa. Direban kamfani zai take inji har ya fashe, gobe a kawo masa wani. Wanda injinsa ɗaya ne, kuma jibi akwai tsere a wata jiha, dole ya ɗaga ƙafa. Mutumin da ƴan sanda suka kasa kamawa ya koma lallaɓa mota don ta kai ƙarshe.

Ma'aikatansa ƴaƴansa ne, Wendell ƙarami da Frank. Wani lokaci shi da kansa zai fito daga mota a tsakiyar tsere ya canza taya ya koma. Tayoyin ma sau da yawa waɗanda manya suka cire ne. Filin Darlington, wanda ya fi kowane daraja a lokacin, shugabansa Bob Colvin ya yi ta mayar masa da takardar shiga, sai da dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta fito sannan ƙofa ta buɗe. Alkawarin France bai kai can ba. Shekarar da ya fi samu ita ce 1969, dala dubu 47 da ɗoriya, kuma a ciki za a sayi inji da taya da mai, a ci da iyali.

A nan ne labarin ya taɓa ni, don mu ma da abin da wasu suka gama da shi muke tafiya. Kakanninmu sun hau 404 mai tanti, iyayenmu 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 amma sai ta tsufa take iso mu. Mu kuma ƴan Kwatano muka tarar, motar da ta gama shekarunta a Turai ta zo nan ta fara sabuwar rayuwa. Ku tsaya a kowace tasha a Damagaram ranar kasuwa ku ga abin da makanikai ke yi: injin wannan a jikin waccan, lagireto an toshe shi, waya da roba sun maye gurbin abin da ba a samu. Muna cewa wane akwai dabara, kuma wallahi akwai. Amma na lura yabon dabara ba ya cin ko dala, shi ya sa kowa ke yinsa. Haka aka yi ta yi wa Scott. Turawan da ke tsere da shi suna faɗin ba su ga mai haɗa mota daga tarkace kamarsa ba, ƴan kallo suka koma tafa masa. Tambayar da ba a so ita ce me zai yi da an damƙa masa mota irin ta Petty shekara guda. Mu ma in mun yaba wa bakanike ba mu cika tambayar me ya sa hannu irin wannan bai taɓa kama sabon inji ba.

Ana cikin haka sai ƙasar da yake tsaye a kai ta zame. An buɗe babban filin Daytona a 1959, na Talladega a 1969, zagaye ɗaya ya fi kilomita 4, kwalta ce mai gangare. A can a 1970 Buddy Baker, ɗan Buck Baker ɗin nan dai, ya haura kilomita 320 a awa. A irin wannan fili babu rami da zai karya motar mai kuɗi, babu zamewar da hannu zai gyara. Ƙafa a ƙasa take tun daga farko, inji ne ke magana, inji kuwa kuɗi ne. Ranar 30 ga Satumba 1970 a Raleigh aka yi tseren ƙasa na ƙarshe na babban rukuni a wancan zamani. A 1971 kamfanin taba na R. J. Reynolds ya shigo da kuɗinsa da sunan sigarinsa Winston, a 1972 aka rage tsere daga 48 zuwa 31. Waɗanda aka yanke su ne ƙananan, su ne kuma gonar masu cin gashin kansu irin Scott. Wannan bai zaɓi launi ba, ya ci turawa talakawa da yawa. Amma su wasunsu sun sami kamfanin da zai manna sunansa a motarsu. Shi bai taɓa samun babba ba.

A 1972 masu filin Charlotte suka yi shela cewa a babban tserensu na mil 600 za a ba Scott mota ta gaske, Chevrolet daga garejin Junior Johnson, wanda shi ma tsohon ɗan fasa-ƙwaurin barasa ne har ya yi kurkuku. Jama'a suka sayi tikiti. Motar ba ta kai yadda aka yi shela ba, injin kuma ya mutu kafin ƙarshe. Shekara 20 bayan Danville, an sake yin talla da shi.

Ina jin wannan ne ya tura shi ga abin da ya yi a 1973. Yana da shekara 51, ya ci bashi, ya jinginar da gidansa, ya sayi Mercury, motar da ta fi duk wadda ya taɓa mallaka. Ya kai ta Talladega ranar 6 ga Mayu. Mota 60 aka saki a ranar, sun yi wa filin yawa. Ba a yi zagaye 10 ba injin wani ya fashe, mai ya malale a kwalta, ƙura da hayaƙi suka rufe hanya, motoci kusan 20 suka afka wa juna. Aka daki Scott. Ya karye a ƙugu da haƙarƙari da ƙafa, motar ta zama tarkace. Ko minti goma bai yi da ita a tsere ba, bashinta kuwa shekaru ya yi yana biya. A Oktoba ya lallaɓa ya shiga tsere ɗaya a Charlotte da Dodge ta wani, ya zo na 12, ya ajiye hula. Lissafinsa a babban rukuni: tsere 495, cikin goman farko sau 147, cikin biyar na farko sau 20, nasara ɗaya.

Ya koma garejinsa a Danville yana gyaran motocin mutane. A 1977 aka yi fim a kansa, Greased Lightning, Richard Pryor ya fito a matsayinsa. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 1990, ciwon daji a ƙashin baya. A 2015 NASCAR ta sa shi cikin zauren gwarazanta. Kofin Jacksonville kuwa sai a Agustan 2021 ƙungiyar ta miƙa wa iyalinsa wani a madadinsa, shekara kusan 58 bayan tseren, shi kuma ya shekara 30 a ƙasa.

Sati biyar bayan haka, ranar 4 ga Oktoba 2021, Bubba Wallace ya ci tseren babban rukuni, baƙar fata na farko tun Scott. A Talladega ne, filin da Mercury ta mutu. Motarsa Toyota ce, lamba 23, kamfanin na bayanta, kuma ɗaya daga masu ƙungiyar shi ne Michael Jordan na ƙwallon kwando.